Faifai da Rumbu: Yadda Koci Zai Horar da Ɗan Ƙwallo Ya Yanke Shawara Cikin Ƙiftawar Ido

Duk wanda ya tsaya bakin filin ƙwallon unguwa a Jos da la'asar, ko a Gangare ne, ko Anguwan Rogo, ko Nasarawa, ya san wannan hayaniyar. Ƙwallo ta nufo yaro a tsakiyar fili. Koci na cewa "Juya!", mataimakinsa na cewa "Mayar baya!", 'yan kallo na cewa "Buga!", lamba tara kuma ya ɗaga hannu yana kiran sunansa. Yaron ya tare ƙwallo, ya ɗan tsaya kamar mai neman wani abu a aljihu, sai aka ƙwace. Daga nan a ce ba shi da kai. Alhali yaron nan, shekaranjiya a wurin atisaye, fasin yake rabawa kamar yana da ido a ƙeya.

Kansa lafiya lau. Cika masa faifai aka yi.

Ƙwaƙwalwa tana riƙe abu ta hanya biyu da suka shafe mu a nan. Akwai rumbu, inda duk abin da mutum ya koya yake kwance shekara da shekaru, kuma ba a san iyakar abin da yake ci ba. Akwai kuma ɗan wurin da ake ɗora abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu, wanda masana suke kira ƙwaƙwalwar aiki. Mu kira shi faifai, irin na mai tallan gyaɗa. A 1956 George Miller na Amurka ya ce faifan nan yana ɗaukar abu bakwai, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba lamarin ya ce kusan huɗu ne, in ba a bar mutum ya yi ta maimaitawa a zuci ba. Ɗan ƙwallon da ke gudu yana haki ba shi da damar maimaita komai, don haka huɗun nan ne lissafin da ya kamata koci ya riƙe.

Sai dai faifan ƙulli yake ƙirgawa, ba ƙwaya ba. Lambar waya alƙaluma goma sha ɗaya ce, amma ba wanda ke haddace ta ɗaya bayan ɗaya. Da ka ji 0803 ka san ta, ƙulli ɗaya ne, sauran kuma ka raba su uku da huɗu. Haka William Chase da Herbert Simon suka gano a 1973 game da masu wasan ces, darar Turawa. In aka nuna wa gwani allo na daƙiƙa biyar, yakan mayar da mafi yawan 'ya'yan wurarensu, ɗan koyo kuwa kaɗan yake iya tunawa. Da aka watsa 'ya'yan barkatai yadda ba za a taɓa gani a wasa na gaskiya ba, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Faifansa bai fi na kowa faɗi ba, ƙullinsa ne manya. Tsofaffin da ke dara a gindin bishiya ma haka suke: ba ramuka suke ƙirgawa ba, fasalin wasan suke gani.

A fili ke nan, ɗan koyo yana ganin mutum shida daban-daban, faifai ya cika ya zube. Gogagge yana ganin abu ɗaya: "lamba biyu ya hau, bayansa a buɗe yake." Hannu ɗaya ya ɗauke wannan, sauran wurin yana nan don abin da ba a zata ba.

Me ya sa shawarar farko ta fi kyau

A 2003 Joseph Johnson da Markus Raab sun nuna wa 'yan ƙwallon hannu bidiyon hari, suna tsayar da shi a daidai lokacin da mai ƙwallo zai zaɓi abin yi. Suka ce kowa ya faɗi abin da ya fara zo masa, sannan ya lissafo sauran hanyoyi, sannan ya zaɓi wadda ta fi. Abin da ya fara zuwa shi ne yawanci mafi inganci, kuma gwargwadon yawan hanyoyin da ɗan wasa ya lissafo, gwargwadon raunin zaɓinsa na ƙarshe. Dalili shi ne rumbu ba ya miƙo kaya barkatai. Abin da ya fi yin aiki a irin wannan yanayi shi yake fara turowa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A tuna ƙwallon farko da Ahmed Musa, ɗan garin nan, ya ci Aisilan a gasar duniya ta 2018 a Rasha. Victor Moses ya kwaso ta daga dama ya aiko, Musa ya miƙa ƙafa ya sauke ta, tana tashi daga ƙasa ya ɗirka ta raga. Tsakanin taɓawar farko da ta biyu babu wurin da za a zauna a auna hanyoyi uku. An riga an gama shawara tun ƙwallo tana sama.

Amma a yi hattara da wannan magana, don ana yawan karkatar da ita. Shawarar farko tana da kyau ne ga wanda rumbunsa ya cika da irin wannan yanayi, kuma ya sha ganin sakamakon zaɓinsa. Yaron da ya fara ƙwallo bara, abin da ya fara zo masa shi ne ya daki ƙwallo gaba ya huta. In ka ce masa "bi zuciyarka", ka ba shi lasisin ɓarna.

To ina amfanin faɗin faifai, tunda daga rumbu shawara take fitowa? Aikinsa gadi ne. Philip Furley da Daniel Memmert na jami'ar wasanni ta Kolon a Jamus sun gwada wannan a 2012. 'Yan ƙwallon kwando masu faɗin faifai sun fi iya toshe kunne daga surutun da aka sa musu yayin da suke yanke shawara. A cikin 'yan hoki na kan ƙanƙara kuma, masu ƙaramin faifai sun fi manne wa umarnin da koci ya ba su lokacin hutu, ko da yanayin wasan ya nuna umarnin bai dace ba. Wato faifai shi ne ke kore abin da bai shafe ka ba, shi ne kuma ke taka birki in abin da aka saba ko abin da aka umarta ba zai yi ba a wannan karon.

Kafin a shiga atisaye, a cire rai daga abu ɗaya. Manhajojin waya da ake tallatawa cewa suna faɗaɗa ƙwaƙwalwa suna sa mutum ya ƙware ne a wasan da ke cikinsu. Babban nazarin da Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme suka yi a 2013 bai sami gamsasshiyar hujjar cewa ribar tana tsallakawa zuwa wasu ayyuka ba. Kuɗin data gara a sayi ƙwallo biyu da su. Abin da ke hannun koci shi ne ya girmama ƙulli, ya rage kayan banza a kan faifai.

Fara da gwaji, don ka san inda kowa yake

Jera kwano takwas na atisaye, ko gorunan ruwa da aka cika da yashi, taku biyu tsakanin kowanne. Yaro ya bi ta tsakaninsu da ƙwallo, zuwa da dawowa, ka ɗauki lokaci da agogon waya. Sau uku, ka rubuta matsakaici. Sai ya sake sau uku yana ƙirga baya da ƙarfi daga 100, yana rage uku-uku: 97, 94, 91. Don kada ya haddace, canza lambar farawa kowane zagaye.

In lokacin bai canza sosai ba kuma ƙirgan bai tsaya ba, ƙafarsa ta daina cin wuri a faifai, ya isa a ɗora masa dabarun wasa. In ya yi shiru duk lokacin da ya zo kwano, ko ƙwallo ta riƙa kuɓuce masa, to sarrafa ƙwallo kaɗai ya cinye wurin. Irin wannan yaro ko ka kwana kana masa bayanin tsarin 4-3-3 ba inda zai ajiye shi. Bango yake buƙata: minti goma sha biyar kullum, bugawa da tarewa, ƙafar dama da ta hagu, har ƙafa ta san aikinta ba tare da an tsaya a kanta ba. A yi gwajin da ƙafar da ba ta da ƙarfi ma, don a nan ne asiri yake tonuwa. A kuma tuna faifan yaro yana ci gaba da faɗaɗa har wajen shekara 15, saboda haka ɗan shekara 10 ba a auna shi da ma'aunin ɗan 17.

Cika rumbu

Ƙulli ba ya samuwa daga bayani, sai daga yawan haɗuwa da yanayi. A wasan mutum goma sha ɗaya-ɗaya a babban fili, yaro zai iya yin minti biyar bai taɓa ƙwallo ba. Rage fili, rage mutane. Huɗu da huɗu a fili mai tsawon mita 30 da faɗin 20, da 'yan ƙananan raga ko duwatsu biyu, minti huɗu ana yi, minti biyu hutu, zagaye biyar. Ƙara mutum ɗaya mai riga daban wanda kullum yake tare da masu ƙwallo, don a riƙa samun wanda ba a tsare ba, yara su koyi nemo shi.

Kowane zagaye canza doka ɗaya tak. Yanzu taɓawa biyu. Na gaba ƙwallo ba ta ciwuwa sai an mayar da ita baya sau ɗaya. Na gaba a sa raga huɗu, biyu kowane gefe, wanda ke tilasta wa yaro ya ɗaga kai ya ga wace ce ba a tsare ba. Dokar ita za ta koyar, kai ka yi shiru. Wannan shirun shi ne ya fi wa yawancin kociyoyi wuya, domin a ganinsu in ba a jin muryarsu kamar ba sa aiki. Amma duk "ba shi!" da ka faɗa, shawara ɗaya ce ka ƙwace daga hannun yaron, kuma ran wasa ba za ka shiga fili ka yanke masa ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne layi. Yara goma sha biyar a jere, kowa na jiran ya buga sau ɗaya ya koma baya, babu mai tare shi, babu abin zaɓa. Yana da kyan gani ga mai wucewa, yana kuma da ɗan amfani ga sabon shiga, amma ba ya ƙulla komai game da shawara. Kuskure na biyu shi ne tsayar da wasa duk minti ɗaya don gyara. Bari zagaye ya ƙare. A hutu ka yi tambaya ɗaya: "Lokacin da ka karɓa, wa ka gani?" Amsar za ta nuna maka ko matsalar gani ce ko ta zaɓi ko ta ƙafa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Waiwaye kafin ƙwallo ta iso

Geir Jordet, wani masani ɗan ƙasar Nowe, ya shafe shekaru yana ƙirga sau nawa 'yan wasa suke kawar da ido daga ƙwallo su dubi fili a daƙiƙa goma kafin su karɓa. Ya gano masu yawan waiwaye sun fi isar da fasin, musamman na gaba. Xavi, lokacin da yake buga wa Barcelona, yana cikin waɗanda suka fi kowa, kusan sau takwas a daƙiƙa goma. Alaƙar wannan da faifai a fili take: wanda ya duba tun da wuri ya raba aikin gida biyu, ya gama gani kafin ya fara tarewa. Wanda ya jira sai ƙwallo ta zo ƙafarsa yana son ya tauna taura biyu lokaci guda.

Ga yadda ake koyar da shi. Mutum uku a layi, mita goma tsakani. Na tsakiya ya fuskanci mai ba shi ƙwallo. Na bayansa yana da hula ja da hula fara. Da ƙwallo ta bar ƙafar mai bayarwa, na baya ya ɗaga ɗaya. Ja na nufin akwai mutum a bayanka, mayar da taɓawa ɗaya. Fara na nufin juya ka ba na baya. Sau goma, a canza wuri. Bayan mako biyu a ajiye huluna, na bayan ya zama ɗan baya na gaske: wani lokaci ya matso, wani lokaci ya tsaya, wani lokaci ya zo ta hagu.

Abin da ke lalata wannan atisaye shi ne yara su koyi kaɗa kai don koci ya gani, ba tare da sun ga komai ba. Shi ya sa dole abin da aka gani ya zama shi ke yanke abin da za a yi. In kawai launi za a faɗa sannan a yi abin da aka ga dama, an koyi rawar wuya ne. Lokacin waiwaye ma yana da ƙa'ida: ana duba fili ne lokacin da ƙwallo take tafiya tsakanin mutum biyu, ko tsakanin taɓawar abokin wasa, ba daidai lokacin da zai buga ba.

Da daddare ko ran da ruwa ya hana fita, waya ɗaya ta isa. Sauke guntayen wasa goma sha biyar, tara yara biyar ko shida, tsayar da bidiyo daidai kafin fasin, ka rufe fuskar wayar bayan daƙiƙa uku. Kowa ya faɗi abin da ya fara zo masa, ba gyara. Sannan a saki a ga abin da ya faru. Minti goma ya isa. Wasan da aka ɗauka daga sama ya fi nuna fasali, amma wanda aka ɗauka daga bayan raga ko gefen filinku ya fi kama da abin da idon yaro yake gani.

Bakin koci

Yawancin kayan da ke cika faifai daga benci suke fitowa. A 2007 Memmert da Furley sun nuna cewa matasan 'yan ƙwallon hannu da aka ba takamaiman umarni kan inda za su sa ido, da yawansu sun kasa ganin abokin wasansu da ke tsaye shi kaɗai ba mai tsaronsa. Umarni yana ƙuntata gani. In ka ce "duk ƙwallo a ba lamba tara", kada ka yi mamaki in an bar lamba bakwai a gaban raga yana ɗaga hannu.

Hutun rabin lokaci minti goma sha biyar ne. Biyar na farko a bar su su sha ruwa numfashi ya dawo, don mai haki ba ya ji. Sannan magana biyu ga ƙungiya duka, ɗaya ga mutum in ya zama dole. Ka gina ta da "in" da "to": "In lamba ukunsu ya hau, to a jefa bayansa." Irin wannan ta fi "ku riƙa kai hari ta dama", saboda tana ɗauke da sharaɗinta, yaro ya san lokacin da ba ta aiki. Ga yaron da ka lura yana bin umarni ido rufe, ƙara masa ƙofar fita: "In ka ga an rufe, yi abin da ka gani."

Wajen koyar da bugu ma a rage dokoki. Rich Masters ya nuna tun 1992 cewa wanda ya koyi motsi da tarin dokoki a kansa ya fi saurin rikicewa in an matsa masa, domin yakan koma yana bin dokokin ɗaya-ɗaya. Kwatance ɗaya yana ɗauke da doka biyar a ƙulli guda. Maimakon "sassauta gwiwa, ja ƙafa baya, buɗe tafin ƙafa", ce masa "karɓe ta kamar an jefo maka ƙwai". Maimakon dogon bayani kan tsaron gida, ce wa 'yan baya huɗu igiya ɗaya ta ɗaure su a ƙugu.

Abin da za a iya rubutawa kuma kada a ɗora wa kai. A gasar duniya ta 2006, golan Jamus Jens Lehmann ya shiga bugun fenareti da Ajantina da 'yar takarda a cikin safa, an rubuta masa inda 'yan wasansu suka saba bugawa, ya kuma tare biyu. Daga mita 11 ƙwallo tana isa raga cikin kusan rabin daƙiƙa, don haka gola yana buƙatar duk faifansa a kan ƙugu da ƙafar dogaron mai bugu. Tsarin kwana da na bugun tazara ma a rubuta a kwali a manna a benci, kada su wuce uku.

Ran wasa

Fargaba kaya ce, wuri take ci. "In na ɓarar me za a ce a unguwa" ƙulli ne guda cikin huɗun nan. Wani abin mamaki da Sian Beilock da Thomas Carr suka gano a 2005, a gwajin lissafi, shi ne masu faɗin faifai su ne suka fi faɗuwa in an matsa, domin da faifan suka saba dogara. Saboda haka yaron nan mai kaifin kai, mai yawan tambaya, shi ne za ka fi sa wa ido a wasan ƙarshe. Beilock ta kuma nuna a 2002 cewa gogaggun 'yan ƙwallo sun fi jinkiri in aka ce su lura da gefen ƙafar da ke taɓa ƙwallo, alhali 'yan koyo hakan taimakonsu yake yi. Gyaran ƙafa na ranar Talata ne. Ran wasa a ba shi kalma ɗaya da ke kallon waje, kamar "fili" ko "kusurwa".

A saba musu da matsi tun a gida. Minti goma na ƙarshen atisaye a sa wani abu a kai: waɗanda aka ci su kwashe kaya su ɗebo ruwa. A bar sauran yara su tsaya gefe su yi ta ihu da kiran sunaye, har da umarnin ƙarya. Wanda zai taka leda wata rana a filin Rwang Pam ko sabon filin da ke hanyar Zariya gaban magoya bayan Plateau United, gara ya fara jin hayaniya tun yanzu. A sa atisayen shawara wani lokaci a ƙarshe, bayan an gaji, don a minti na 80 ne kai yake fara yin nauyi, ga kuma tudun Jos mai kusan mita 1,200 da ke sa baƙo haki da wuri.

Gajiyar kai ma gajiya ce ko da ƙafa ba ta yi komai ba. Wani bincike a Brazil a 2019 ya nuna cewa minti 30 na latsa manhajojin sada zumunta kafin wasa ya rage ingancin shawarar fasin. A karɓi wayoyi awa ɗaya kafin usur a zuba a jaka ɗaya. Yaron da ya kwana kallon ƙwallon Turai a gidan kallo, ko wanda ya fito daga jarrabawa, ko mai azumi da la'asar, faifansa ya ragu a ranar. A irin wannan rana rage sababbin dokoki, a yi wasan da suka riga suka sani, sabon tsari a bar shi sai ranar da suka yi barci suka ƙoshi.